Saura Babin Ƙoda

…kuma ba wai ban gode ba ne. Na gode. Wallahi na gode. Rabin kuɗin mota ga duk mai katin ɗalibi, daga gobe — wa zai ƙi? Ɗazu a ƙofar kwaleji 'yan ajinmu har da tafi, Sarkin Surutu ya ɗare kan benci yana ɗaga katinsa sama sai ka ce shi ya sa hannu a takardar. Ni ma na tafa. Jiya da na faɗa wa Umma sai da ta kashe injin markaɗe ta ce in maimaita, sannan ta ɗaga hannuwa jiƙe tana ta sa albarka ga mutanen da ko sunansu ba ta sani ba. To me kuma nake nema? Mene ne ke damuna tun da na hau motar nan?

Katin ne. Ki manna shi a jikin na'ura, ta yi ƙara, tafiya ɗaya ke nan. In an kai tasha kowa ya sauka, mai son komawa ya sake mannawa. Tikitin takarda kuwa, bawan Allah, bai san zagaye ba. Na saye shi ƙarfe huɗu, na cusa a tsakiyar littafi, shi ke nan — zagaye uku nake yi da shi. In wuce layin gidanmu sau biyu ina kallon ƙofarmu ta taga, sai a na uku in sauka. Shekara biyu. Rabi sau uku ya fi guda ɗaya, ko ni da lissafi bai taɓa ƙauna ba na san wannan. Kuma na guda ɗaya Umma ke iya ba ni.

Kujerar baya, ta hagu, wadda sosonta ya leƙo. Nan ne ɗakin karatuna. Na kwaleji ƙarfe huɗu mai gadi ke kaɗa makullai, ko kina tsakiyar jimla. Gida kuwa… gida! Injin Umma tun la'asar har duhu, layin mata da robobi, Auta na kuka, tagwaye na dambe a kan filo, kowa na kiran Yaya, Yaya, Yaya. Ina son su, Allah ya sani. Amma a ɗakin nan na karanta darasin sassan jikin ɗan Adam karon farko, kuma a ɗakin nan na kai takardar sakamako na ɓoye ƙarƙashin katifa kwana huɗu. “Ba a faɗuwa sau biyu a aikin jinya,” in ji Malama, ko ɗago kai ba ta yi ba. Alhamis ne karo na biyu. Yau Litinin.

Shatale-tale. Zuciya — ɗakuna huɗu, hanya huɗu, wannan ya shiga wancan ya fita. Nan na rataye ta tun bara, tana nan daram. Gada, ƙashin baya. Layin masu walda, jijiyoyi, tartsatsi ta ko'ina. Kasuwa kuwa hanji ce, cunkoso da murɗe-murɗe, wa zai manta? Haka nake yi, kowane babi da wurinsa a hanya. A ɗakin jarrabawa in na rufe ido sai in hau mota a raina, in bi layi, in tsinci abina inda na ajiye shi. Ba wanda na taɓa faɗa wa, dariya za su yi. Komai ya samu wuri, saura ƙoda. Shafi goma sha ɗaya, ga su nan sun zuba min ido, kuma zagaye na uku ke nan za mu shiga…

Baba direba, kai kam ba ruwanka. Ƙeyarka kawai na sani, da hular nan da ta koɗe, da idanu biyu a madubi. Ko gaisuwar kirki ban taɓa yi maka ba. In miƙa kuɗi, in karɓi tikiti, in sunkuyar da kai in wuce baya kamar wadda ta ɗauko abin wani. Ai na ɗauko ɗin. Kuma sau nawa na ja tsaki a raina — tsohon nan tuƙi yake ko rarrafe? Fasinja na ta mita, “Baba, ka taka mana!” Ko gezau. A ramukan bayan gidan mai har kusan tsayawa kake yi, ni kuwa rubutuna ko karkacewa ba ya yi, ban taɓa tambayar kaina me ya sa ba.

Tasha. Kowa na sauka. Sai ni, in zame ƙasa kaɗan, in ja mayafi, in kare fuska da jaka. Dabarata ke nan, kuma ina ji da ita. Ka fita ka sha ruwa, ka zaga ka ɗan bubbuga tayoyi, ka dawo ka tada mota, ban motsa ba. Ni ce mai wayo, wadda ba a gani.

Sun manna sabuwar sanarwa a bayan kujerar gabana, manne ɗin ma bai bushe ba. Na ɗaya, rangwame ga ɗalibai — Allah ya saka da alheri. Na biyu, kati. Na uku… “Kamar yadda dokar take tun da can, wajibi ne direba ya tabbata kowa ya sauka a tasha. Direban da aka samu da fasinja a ciki, shi za a hukunta.”

Tun da can? Shi za a hukunta?

Tsaya. Tsaya tukuna.

Madubin nan naka ai har kujerar baya yake kamawa. In ina ganin idanunka, ashe kai ma… Kai! Wace irin sakarya ce ni? Jaka? Jakar da ko littafi uku ba ta ɗauka, ita za ta ɓoye mace guda?

Ran nan da damina, mai duba tikiti ya hau a tashar nan, dogo, da biro a kunne. Ya taho, ya taho, saura kujera biyu, na fara karanto duk addu'ar da na iya. Sai ka kira shi daga ƙofa. Ban ji me ka ce ba. Na dai ga ya waigo ya dube ni, ya yi 'yar dariya, ya juya ya sauka. Na ce addu'ata ce. To ita ce ɗin — amma ta bakin wa ta bi? Me ka ce masa? 'Yata ce? Ni take jira? Ƙarya ka yi saboda ni, da furfurarka?

Da ƙwan fitilar saman kaina da ya mutu a watan da rana ke saurin faɗuwa. Kwana ɗaya na yi ina matse ido, washegari na tarar da sabo, shi kaɗai ya fi sauran haske. Na ce kamfani ya yi abin kai. Da rediyon da ke yin ƙasa duk sanda na fara maimaita abu a baki… Ashe da ƙarfi nake yi? Ashe shekara biyu kana jin ina lissafa maka kayan ciki?

Tun rasuwar mahaifina nake cewa ni kaɗai ce, ni na ɗauki kaina, ba wanda ya tallafe ni. Har alfahari nake yi da shi. Ya Allah, kunya kamar ƙasa ta tsage.

Mun tashi. Makarantar firamare, kantin magani, ga layinmu can, ina ma jiyo injin tun daga nan. Me zan ce maka? Na gode? Kalma biyu, a kan shekara biyu? Ka yafe ni? In na buɗe baki kuka zan yi a gaban masu komawa daga aiki, ga mai kayan gyaran famfo can ya riga ya kafe ni da ido. Tashi dai. Littafi a jaka, jaka a kafaɗa. Na miƙe. Ƙarfen wannan kujera, na waccan, ina riƙewa ina matsawa gaba. Ga hular. Kusa da kusa ta fi koɗewa. Ƙofa ta buɗe.

“Likita,” in ji ka, ko waigowa ba ka yi ba. “Ƙodar ta shiga?”

Likita. Ni? Na girgiza kai.

“Daga gobe na'ura ce mai ido, ba ni da ta cewa. Amma yau motar tawa ce. Koma ki zauna, akwai sauran zagaye ɗaya.”

Ƙofa ta rufe. Na koma — ban san yadda na koma ba. Kujerar hagu, soso a waje, fitila ta kama. Shafi goma sha ɗaya. Umma za ta leƙo ta ga magariba ta kawo jiki ban shigo ba… bari, zan yi mata bayani, yau akwai abin faɗa. Buɗe littafin. Buɗe mana! Ƙoda guda biyu ce, tana tace jini, ba dare ba rana, mutum bai ma san tana yi ba sai…

Haruffan na ninkaya. Na goge ido, sun sake. Ga shatale-tale ya wuce, ga gada na zuwa, ina zan rataye ta? Ko'ina na duba a hanyar nan kai nake gani. Ramukan bayan gidan mai — ka rage gudu. Ko biro ban riƙe ba, Baba. Ka rage gudu, kuma har yanzu ban ce maka komai ba…