Barewar Nusrat

"Alwala kake mata kuma, Akonta?"

Rufa'i bai ɗago ba. Yana durƙushe a bakin kwamin wanka, hannun hagunsa riƙe da bindiga bakinta ƙasa, na dama yana tsiyaya mata ruwan zafi daga buta. Ruwan yana shiga fari, yana fitowa baƙi ƙirin.

"Wanka ne, Yaya. Da tsohon harsashi na gwada ta ɗazu, shi kuwa gishiri yake bari a cikinta. In ba a wanke ba, tsatsa ta kama ta."

"Bindigar da sai an yi mata wanka kamar jinjira." Abdul-Kabir ya jingina da ƙofar banɗakin yana girgiza kai. Yayan Nusrat ne, matar Rufa'i, kuma tun ranar ɗaurin aure bai ƙara kiran mijin ƙanwarsa da sunansa ba sai Akonta, yadda mutanen Kumasi suke kiran suruki. Aikin jinya yake yi a Gaithersburg, kuma duk ƙarshen shekara sai ya ɗauki hutu ya shiga dajin yammacin Maryland farautar barewa. "Na ce ka jira ni mu je tare in zaɓa maka. Ka tafi kai kaɗai, ka ɗauko wa kanka kakar bindigogi."

"Taɓa ƙotarta ka ji. Icen gaske ne. Taka kuwa roba ce, kamar bokitin wanki."

"Bokitin wankin nan shi ya cika firizata bara. Taka ko makulli ba ta da shi. Da harsashi ya shiga, shi ke nan, sai Allah ya tsare. Ba ta da madubin hango nesa. Harsashinta na farauta sai an yi oda an jira. Ka san abin da ya sa take da araha? Babu mai so."

"Don an ƙera su da yawa ne, yaƙi ya ƙare aka rasa yadda za a yi da su. Araharta ba aibinta ba ce."

Daga falo muryar Nusrat ta ratso. "Ku biyun nan, ni dai ba bindiga zan ci ba. Kuma a wanke mini butata kafin azahar."

Duk maganar daga gare ta ta faro. Cikin fari gare ta, kuma tun da ya fara nauyi ƙamshin naman kanti ya zame mata abokin gaba. Kaza ba ta shiga, rago ba ya shiga. Wata safiya Rufa'i yana ɗaura igiyar takalmi zai bi jirgin ƙasa daga Germantown zuwa gidan rediyon da yake karanta labarai, ya waiwayo ya ga ta zauna a gefen gado hawaye na bin kumatunta. Ya tambaye ta abin da ya faru. Ta ce babu komai, romon naman daji kawai take tunawa, wanda mahaifiyarta take yi musu a unguwarsu Aboabo ta Kumasi da fufu ranar Lahadi, mai yajin da yake sa hanci zuba. Ta ce tana jin ɗanɗanonsa a bakinta har cikin barci. Tana faɗa tana dariyar kanta, tana kuka.

Naman barewar da yayanta ya harbo bara ya riga ya ƙare. Rufa'i, wanda iyakar jininsa a duniya ragon layya ne, ya durƙusa gabanta da takalmi ɗaya a ƙafa ya ce, "Da hannuna zan kawo miki." Bai yi shawara da kowa ba, maganar ta fito kawai, kuma yadda Nusrat ta dube shi a lokacin ya isa ya hana shi janye ta har abada.

Ya yi kwas, ya karɓi lasisi. Ranar da ya shiga kantin bindigogi, sabuwa ya je saye. Amma can a kusurwa ya hango tsofaffin bindigogin soja an jera su a jikin bango kamar tsintsiyoyi, suna warin tsohon maiko, kuma ɗaya daga cikinsu ta tsayar da shi. Gajera ce, mai kauri, ta sojan Faransa. Ya san ta. Irinta ce sak a kafaɗar kakansa a hoton nan da yake rataye a zauren gidansu a Dogondutsi, tsohon yana tsaye ƙiƙam da jar hula, bai yi murmushi ba.

Bayan Abdul-Kabir ya tafi a ranar, Rufa'i ya shimfiɗa tsohon zane a falo yana shafa wa bindigar mai. Nusrat tana kwance a doguwar kujera, ta ɗora ƙafafunta da suka kumbura a kan matashi, tana kallonsa.

"Habibi," ta ce a hankali, "ta taɓa kashe mutum?"

Hannunsa ya tsaya. "Ban sani ba."

"Mai kantin bai faɗa ba?"

"Shi ma bai sani ba. Babu wanda ya sani." Ya juya ƙotar, ya shafa wani tsohon tabo da babban yatsa. "Kakana gardi ne, wato dogarin kumandan Bafaranshe, zamanin Nasara. Kakata ta ce in ya shiga ƙauye da irin wannan a kafaɗa, mata sukan kora awakinsu bayan rumbu. Har ya rasu bai taɓa ba mu labarin aikin nan ba. Mu dai mun san shi tsoho ne mai raba mana dabino."

"To me ya sa kake son ta?"

A waje motoci suna ta gudu a kan babbar hanyar 270, ƙararsu kamar ruwan sama mai nisa.

"Ina so ko sau ɗaya irinta ta shigo da abinci cikin gida," ya ce. "Ta daɗe tana fitar da shi."

Ta miƙo hannu ta dafa kansa, ta bar shi a nan.

A filin gwajin harbi, tsohuwar ba ta ba shi kunya ba, ba ta kuma fitar da shi duka ba. In allon yana kusa, harsasanta sukan taru wuri guda, tafin hannu ya rufe su. Abdul-Kabir da kansa ya cire abin toshe kunne ya je ya duba, ya dawo yana taɓe baki. "To, tsohuwa tana da sauran haƙori." Amma da aka matsar da allon can nesa sai suka watse, ɗaya sama, ɗaya gefe, ɗaya ma ba a ga inda ya shiga ba. Rufa'i ya ce idonsa ne. Abdul-Kabir ya ce bakinta ne ya cinye. Suka yi ta musu a mota har gida, kowa yana da gaskiyarsa.

Lokacin farauta da bindiga gajere ne a Maryland, kuma aikin rediyo ba ya jiran barewa. Fitarsu ta farko iska ce ta tona su. Ta biyu ko wutsiya ba su gani ba, sai sanyin da ya shige wa Rufa'i ƙashi har ya karanta labaran washegari da toshewar hanci. Kowace dawowa Nusrat takan buɗe ƙofa, idonta ya fara sauka a hannunsa kafin fuskarsa, sannan ta yi maza ta ce, "Sannu da zuwa, ga shayi." Wannan saurin da take yi ta ɓoye abin da ke ranta ya fi masa ciwo a kan da ta yi ƙorafi.

Ranar Asabar ta ƙarshe suka wuce Frederick suka hau tuddai, zuwa gonar wani dattijo Bature mai suna Raymond. Abdul-Kabir ya yi jinyar matar dattijon har ta cika, shi ya sa ƙofar gonar take buɗe gare shi kowace shekara. Raymond ya karɓi bindigar Rufa'i ya auna nauyinta a hannu, ya leƙa cikinta, ya yi ɗan murmushi.

"Mahaifina da irin waɗannan tsofaffin ya ciyar da mu," ya ce da Turancinsa mai ja. "Ba sa cijewa ko ƙanƙara ta rufe su. Na kuma ga masu sababbi, madubi kamar kwalba, suna fasa wa dabba ciki ta tafi ta kwana tana mutuwa. Ni ban damu da wace iri ka riƙe ba. Kada dai in tsinci mushe a rafina."

Suka sa rigunansu na mafarauta masu ruwan lemo suka gangara. A bayan wani icce da ya faɗi a gefen gonar masarar da aka girbe suka yi sallar la'asar, ɗaya bayan ɗaya, sannan suka zauna. Itatuwa sun zubar da ganye sun tsaya tsirara. Rufa'i ya rungume bindigar a ƙirjinsa, ƙarfenta yana ɗaukar sanyi, icenta yana ɗaukar ɗumin jikinsa. Ya yi tunanin hannayen da suka riƙe ta kafin nasa, samari waɗanda wataƙila su ma akwai wadda suka yi wa alkawari. Ya yi tunanin ɗan da bai zo ba tukuna, wanda zai tashi yana amsa masa Hausa da Turanci, da abin da zai ce masa in ya tambaya bindigar nan ta wane ce.

Rana ta sunkuya ta koma ja. Abdul-Kabir ya taɓa masa gwiwa.

Can a ɗaya gefen gonar, inda daji ya fara, barewa ta fito. Ita kaɗai ce, babba, mai ƙiba. Ta tsaya ta ɗaga kai tana shaƙar iska, kunnuwanta suna juyawa, sannan ta sunkuya tana tsintar ragowar masara.

Rufa'i ya tura harsashi a hankali, a hankali, don kada ƙarfe ya yi ƙara. Ya ɗora bindigar a kan iccen, ya manna kunci da ƙota, ya leƙa ta ɗan ramin saiti. Ɗan tsinken da ke bakin bindigar ya sauka a kan barewar, ya rufe ƙirjinta gaba ɗaya, da kafaɗa da haƙarƙari har da rabin ciki. Ta yi nisa. Ta fi allon nan da harsasansa suka watse a kai nisa.

"Bari ta matso," ya raɗa.

Suka jira. Barewar ta yi taku kaɗan, amma gefe ta yi, tana bin layin masara. Haske yana ta janyewa daga gonar kamar ana naɗe tabarma.

"Akonta, lokaci," Abdul-Kabir ya raɗa masa a kunne. Babu tsokana a muryarsa yanzu. Ya turo tasa bindigar a hankali. "Karɓi. A madubin nan kamar a gabanka take."

Rufa'i ya dubi baƙar bindigar. Bai taɓa harba ta ba. Duk zuwansu filin gwaji Abdul-Kabir yakan ce ya gwada, shi kuma girman kai ya hana shi. Bai san nauyin kunamarta ba, bai san inda ake ajiye ido ba.

"Ban san ta ba, Yaya. Zan iya fasa mata ciki."

Abdul-Kabir ya sake duban barewar. Sannan ya ce, "To bari in harba. Mu biyu ne a nan. In mun je gida, kai ka harba. Nusrat ƙanwata ce, na san abin da zai faranta mata."

Rufa'i ya mayar da ido cikin ramin saitin. Zai iya ja yanzu. Wataƙila a dace. Tsohuwar tana kwance a kafaɗarsa shiru, a shirye, kamar yadda ta kasance a shirye ga duk wanda ya taɓa ɗaukarta, ba ta tambayar kowa dalili. In an dace, zai shiga gida da nama a hannu da magana cikakkiya, ya ga fuskar Nusrat ta buɗe. In ba a dace ba, dabbar nan za ta ja hanjinta cikin duhu da sanyi, don kawai wani mai karanta labarai yana son ya wanke hoton kakansa. Ita kuwa ƙaryar da aka miƙo masa da zuciya ɗaya, ya ga kansa zaune yana kallon Nusrat tana shan romo tana sa masa albarka, yana amsawa da amin. Ya ji ba zai iya haɗiye ko loma ɗaya a wannan zaman ba.

Barewar ta ɗaga kai ta dubi dajin da ta fito. Ta kusa komawa.

Ya janye yatsansa daga kunama. Ya buɗe bindigar ya zare harsashin, ya damƙe shi a tafinsa, sanyinsa kamar ƙanƙara. Idonsa ya ciko, bai kuma damu ya ɓoye ba.

"Yi bisimilla ka harba, Yaya," ya ce, ƙasa-ƙasa amma sarai. "Nusrat za ta sha romonta. Ni kuma da bakina zan faɗa mata kai ne ka harbo."