Ƙusa ta Tara a Mashayar Blažena

Tun da Vlasta ta rasu, mijinta Lubor bai ƙara saka takalmin fita ba. Shekara talatin muna gyaran motocin bas a gareji ɗaya ni da shi, yanzu kuma ni kaɗai nake ƙwanƙwasa masa ƙofa. Kullum da rana ina kai masa romon dankali, in tsaya a kansa sai ya sha. Ran da ban je ba, da yunwa yake kwana.

Ran Laraba likita ya ce in zo da jakata ran Litinin, za a kwantar da ni. Bai kalli idona ba, ni ma ban tambaye shi yaushe zan fito ba. Ban ji tsoron kaina sosai ba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ƙofar nan da ba mai taɓa ta sai ni.

Shi ya sa ran Alhamis na ja shi kamar akuyar da za a kai kasuwa, har mashayar Blažena, inda na yi shekara ashirin da shida ina zama. A bayan kantarta akwai ƙusa goma sha biyu, kowace da kofin giyar mutum ɗaya. Ƙarfe huɗu muke haɗuwa. In biyar ta yi kofinka yana rataye, sai an tashi wani ya je gidanka ya ga ko lafiya. Ba a ƙara ƙusa, kuma ba ta zama ta wani sai mai ita ya mutu.

A hanya na yi ta koya masa. In ka shiga, ka ƙwanƙwasa tebur sau biyu, gaisuwar ke nan. Kada ka yi gardama da Vendelin, tsohon direban jirgin ƙasa, shi ne babba a teburin. Na faɗa masa dokar ƙusoshin ma. Ya ce to.

Muna shiga ya zauna ba ƙwanƙwasa ba komai, ya ce wa Blažena ta ba shi shayi.

"Hynek, daga wane asibiti ka sato mana wannan?" in ji Vendelin, yana kallona.

Aka kwashe da dariya, ni ma na yi. Na tura wa Lubor farantin cukun nan namu mai wari, ya ture. Vendelin ya fara labarin da muka ji sau ɗari, na yadda ya ratsa dusar ƙanƙara ya shigo da jirgin safe garin Olomouc kan lokaci. Lubor da ya yi wata shida bai haɗa jimla biyu ba, sai yau bakinsa ya buɗe.

"A shekarar nan rufe layin aka yi. Mu muka kwashi fasinjojinku a bas."

Na taka masa ƙafa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Wallahi da na iya da na shaƙe shi.

Na bi Vendelin har bakin kanta, na rage murya. "Don Allah, dattijo, a ba shi wuri. Ba shi da kowa."

"Wuri a ina? Ka ƙirga da kanka, ko idon ne ya fara tafiya? Duk ran da ka zo, ka zo da shi, baƙonka ne. Amma ka koya masa ladabi."

Duk ran da na zo. Saura kwana uku ke nan.

Na so in tafi ba wanda ya sani, don ba na son a riƙa kallona da tausayi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na shanye abin da ya rage a kofina na ƙusa ta tara, na zagaya bayan kanta inda ba mai shiga sai Blažena, na wanke shi da hannuna. Na ce ta cika. Na kawo na ajiye a gaban Lubor.

"Ƙusa ta tara," na ce. "Taka ce."

Blažena ta tsaya da tsumma a hannu, ta juya mana baya.

"Ina da kofuna a gida," in ji Lubor. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, ba wanda ya yi dariya. Ya ɗaga kai ya kalli ƙusoshin, na ga leɓensa yana motsi yana ƙirgawa. Sannan ya dawo da idonsa kaina.

"Yaushe?"

"Litinin."

Vendelin ya ja kujerarsa gefe, ya buɗa wuri. Ya dubi Lubor. "Kai mai bas. Ƙarfe huɗu. In biyar ta yi na ga kofin nan a rataye, ni da kaina zan zo in ɓalla maka ƙofa. Kuma layin jirgin a buɗe yake a shekarar nan."

Lubor bai musa ba. Ya riƙe kofin da hannu biyu, bai sha ba tukuna. Can ya saki hannu ɗaya, ya ƙwanƙwasa teburin sau biyu, awa guda bayan ya zauna.