Maratayin Bindigar Opal

Opal Tackett ta banko ƙofar kicin da sandarta, ta dire bindiga a kan tebur tsakanin soyayyiyar kaza da burodin masara. Kowa ya ajiye cokali.

"Wane mara kunya ne ya cire mini maratayi?"

Ta san ko wane ne. Surukinta ne Delbert, mijin 'yarta Jolene, wanda tun da ya je kwas ɗin harbi na kwana biyu a Lexington ya dawo yana koya wa tsofaffin kwarin nan abin da suka iya tun ba a haife shi ba.

"Mama, babu harsashi a ciki dai ko?" in ji Delbert.

"Buɗe ka gani, malam mai kwas!"

Ya buɗe, ba komai. Ya gyara murya. "Maratayinki yana cikin motata. Maratayi na daji ne, na farautar barewa. A cikin gida sarƙewa yake yi. Don lafiyarki na cire."

Don lafiyarta! Fatar da marigayi Virgil, mijinta, ya yanka da hannunsa ya ɗinke a wannan teburin. Mace mai shekara saba'in da huɗu, ita kaɗai a ƙarshen hanya, inda ko an kira 'yan sanda sai sun yi minti arba'in kafin su iso, ita za a shiga ɗakinta tana coci a taɓa mata kaya?

"Hannu ɗaya sanda, hannu ɗaya waya," ta ce, tana ɗaga masa su a fuska. "Da wane zan riƙe bindigar? Da haƙori? Su ma ba nawa ba ne, na roba ne!"

Ƙanenta Harlan ya kwashe da dariya har ya ƙware. "Yaya, a gwada mana! Daga gado zuwa ƙofar waje. In kin kai ba ki sarƙe ba, ya mayar, ya kuma ba ki haƙuri a tsaye."

"In ta sarƙe kuwa?" Delbert ya tambaya.

"Ɗauko dai, sarkin surutu," in ji Opal.

Ya ɗauko. Opal ta ɗaura abinta da kanta. Ta shige ɗaki ta kwanta da kayan cocinta. Harlan ya cire agogo don ƙirga lokaci. Jolene ta dafe kai tana cewa, "Ku dai ku kashe mini uwa ku huta."

"Tashi!" Harlan ya daka tsawa.

Opal ta miƙe, ta saɓa bindiga a kafaɗa, ta cafki sanda, ta finciki waya. Ta wuce ƙofar ɗaki fit. Harlan na buga tebur. "Haka nan, Yaya! Nuna masa!" Rabon da ta ji jininta na gudu haka har ta manta. Ta sha kwanar lungu, ƙofar waje ga ta can, taku shida.

Sai hannun ƙofar falo ya kama fatar.

Aka fizgo ta baya. Sanda ta yi gefe, waya ta tarwatse, ta tafi luu, Delbert ya tare ta kafin ta kai ƙasa.

"Kin gani, Mama?" ya ce a hankali. Bai ma yi murmushi ba, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Ta ture shi, ta tsaya tana haki, tana kallon hannun ƙofar.

"Ka yi gaskiya," ta ce. "Yana sarƙewa."

Delbert ya miƙo hannu zai karɓi maratayin. Ta make hannun.

"Kana da sukudireba a motar?"

"Akwai. Me za a yi da..."

"Kwance wannan hannun ƙofar. Da na ɗaki, da na kicin, da na sito. Duka."

"Mama, gida ba hannun ƙofa?" Jolene ta zaro ido.

"Ni kaɗai ke cikinsa. Wa nake rufe wa ƙofa? Ta waje kawai za a bari."

Harlan ya zame daga kujera don dariya. Delbert ya dubi matarsa, ta kau da kai. Ya fita, ya dawo, ya durƙusa a gaban ƙofar falo cikin wandonsa na Lahadi.

Opal ta ja kujera ta zauna a bayansa, bindiga a kafaɗa.

"Ƙofa tara ce," ta ce. "In ka gama wannan, banɗaki."