Aikin da Baba Bai Sa wa Hannu Ba

"Mayar da ni baya," in ji Baba, yana nuna fuskar kwamfutar da yatsan da ya rame. "Wa ya koya miki wannan shirmen?"

Ta-sama ta cije leɓe. Shi ya laƙaba mata sunan, don a saman ɗakinsa take haya, kuma a ofis shi ne shugabanta. Ba abin da ke shiga manhajar kamfanin sai da sa hannunsa, kuma tun zuwanta bai taɓa cewa aikinta ya yi ba. Kalmar nan kaɗai take nema. Ita ta sa ta sauko da kwamfuta har bakin gadonsa, cikin warin magani.

"Baba, da can kowane rahoto sai an rubuta masa nasa umarnin. Yanzu mutum ya buga sunan shafin da yake so, rumbun bayanai ya miƙo masa. Sauƙi ne."

"Sauƙi ga ɓarawo." Tari ya sarƙe shi, matarsa ta miƙo kofi ya ture. "Duk sunan da aka buga kina turawa kai tsaye. In na buga shafin lambobin sirri fa?"

Ya buga da yatsa ɗaya, a hankali, don mugunta. Lambobin sirrin ma'aikata suka zubo, nata a ciki.

Kunya ta kama ta, haushi ya fi kunyar yawa. Mutum na shirin barin duniya amma bakinsa bai ko dushe ba.

"Sai ka ce a gyara, ba sai ka zage ni ba."

"Ware sunayen da aka yarda a nema, ki hana sauran. Kwashe ki ba ni wuri."

Ta haye sama tana buga ƙafa da gangan. Kafin la'asar ta gyara, amma ta ƙi saukowa. Bari ya jira, in ji zuciyarta.

Da safe kukan matarsa ne ya tashe ta.

Bayan an kai shi makwancinsa, ta koma ofis ta buɗe aikin. Gyaran ya yi, ita ma ta sani. Ta danna turawa, manhajar ta tambaye ta wa zai duba. Sunan Baba ne ya fito a sama, ba wanda ya tuna ya cire shi. Ta zaɓe shi, ta zauna tana kallon kujerarsa.