Fitilar Auta

"Mayar da shi kwalinsa," in ji Malam Ɗantsoho daga kan katifa. "Wannan na 'yan tsaki ne. Auta kaza ne?"

Haulatu ta sauke jan ƙwan fitilar, ta share gumi da bakin mayafi. Na biyu ke nan da tsohon ya kora. Na farko shuɗi ne, irin wanda masu shayi ke rataye wa sauro, kuma mai shagon har dafa ƙirji ya yi yana rantse mata shi ne ake nema.

Auta kunkuru ne. Wani manomi daga Sandamu ya kawo wa Malam shi tun bai kai tafin hannu ba, sadda Malam ke dukanci a zaurensa. Da matarsa ta rasu, gidan ya rage daga shi sai Auta, sai kuma Haulatu, matar maƙwabcinsa, wadda ke shigo masa da koko da safe, ta tafi da kwanonin wanki.

Bara Musaddiq, ɗan farin Malam da ke aiki a Kaduna, ya zo ya rufe tsakar gidan da kwano ruf, ya ɗora sola a kai, don kada ruwa ko rana su dami tsohonsa. Unguwa ta yi ta sa albarka. Ba wanda ya tuna da Auta. Kafin damina ta zagayo, ƙoƙon bayansa ya yi laushi, ƙafafun baya sai dai ya ja su. Daidai lokacin kuma ciwo ya kwantar da Malam.

Misbahu likitan dabbobi ya danna ƙoƙon da yatsa, ya girgiza kai. "Rana yake so, Baba. Akwai wani haske a cikinta da ido ba ya gani, shi ke sa ƙashi ya yi ƙwari. Ko a ɗage kwano ɗaya, ko a riƙa kai shi gidan da ke da rana."

"Kwanon nan ba mai taɓa shi," in ji Malam.

Haulatu ta gwada kai Auta gidanta. Ranar Malam ya juya fuska bango, ko ruwa bai sha ba sai da aka dawo da shi. Taurin kai dai, ko kunkurun ya sallama masa.

"Baba, to a gaya wa Musaddiq mana."

"Ke, 'yar nan! In buɗe baki in ce wa yaron nan alherinsa ya yi ɓarna?"

Yaron nan yake cewa, don bai taɓa kama sunansa ba. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da: ba ya yaba shi a gabansa, ba ya kai masa ƙara, ko a waya ba su wuce gaisuwa. Haulatu takan ji haushin abin, amma yana burge ta.

Saura hanya ɗaya, wato fitilar da ke fitar da wannan hasken. Misbahu ya ce doguwa ce, ta kunkuru da ƙadangaru ce takanas, kuma ba ita ce mai ba da zafi kawai ba. Malam ya haddace bayanin kamar karatun allo, shi ya sa ya kori ƙwayayen nan biyu. Daura kaf babu ita. Haulatu ta tura wa wani direban Kano hoton kwalinta, wanda Misbahu ya ba ta, ta waya, ta yi ta sintiri a tasha har masu lodi suka fara kiran ta uwar kunkuru. Ko a jikinta.

Ranar da fitilar ta iso, Malam ya yunƙura zai tashi ya rataye ta da kansa, jiki ya ƙi. Ya yi dariya. "Kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa. Hau kujera, 'yar nan."

Ta hau. Yana kwance yana ba da umarni kamar sarkin gini. A sauko da ita kusa da bayansa, amma ba dab ba. Kada a sa mata gilashi, don likita ya ce gilashi na tare hasken. A bar masa lungu mai inuwa inda zai fake in ya gaji. A kunna da hantsi, a kashe kafin magariba.

"Ka ga ikon Allah," in ji shi da ta haska. "Ranar ce dai, ta biyo ta waya."

Makonni suka shuɗe. Haulatu na yayyafa garin ɓawon ƙwai a kan zogale da yakuwa, Auta na shinshinawa ya kau da kai. Malam kuwa kullum ƙara ramewa yake. Tsoronta ɗaya, kada ya tafi bai ga amfanin wahalar nan ba.

Wata Laraba da hantsi ta shigo da koko, Malam ya ɗaga mata yatsa alamar ta yi shiru. Auta ne ƙarƙashin fitila, ya miƙe wuya, yana yagar ganye kamar mai fushi da shi.

"Kin gani? Ya ci," in ji Malam a hankali. Ya kai dubansa sama. "Kuma kwanona na nan. Duk unguwar nan wa aka taɓa yi wa rufi irin nawa?"

Kokon bai sha ba. Kafin azahar ya cika, da kalmar shahada a bakinsa, mijin Haulatu na riƙe da hannunsa.

Musaddiq bai iso ba sai bayan an kai Malam makwancinsa. Washegari ya shigo tsakar gida gaida mata masu zaman makoki, idanunsa sun yi ja, sai ya tsaya a kan fitilar.

"Yaya Haulatu, wannan fa? Wutar da na sa ba ta isa ba ne?"

Maganar ta zo mata har baki. Ta haɗiye ta, don amanar tsoho ce.

"Ta Auta ce. Baba ne ya zaɓa da kansa." Ta gyara mayafi. "Ka san abin da ya faɗa jiya da safe? Ya ce duk unguwar nan ba wanda aka taɓa yi wa rufi irin nasa."

Musaddiq ya dube ta kamar bai ji ba. "Baba ne ya faɗi haka?"

"Da kunnena na ji."

Ya durƙusa a wurin, ya rufe fuska da hularsa, ya fashe da kuka. Ba wadda ta ce masa ya yi haƙuri. Haulatu ta ji alfahari ya cika mata ƙirji har ya danne kukan.

Can sai Auta ya fito daga ƙarƙashin fitilar, cikinsa a ɗage daga ƙasa, yana takawa da ƙafafu huɗu. Ya hau tabarma ya ratsa tsakiyar masu makoki, matan suna janye ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya suna ba shi hanya.