Kifayen Baba Mai Agogo

Ina tsaka da kwashe matattun kifayen da ludayi sai 'yar Baba Mai Agogo ta kira ni daga asibiti, wai gobe za a sallamo shi. Ba warkewa ya yi ba, likita ne ya ce gara ya ƙarasa a ɗakinsa.

Baba maƙwabcinmu ne, ƙofarmu na kallon tasa. Tun da idonsa ya daina ganin cikin agogo ya koma kiwon jajayen kifaye a akwatin gilashi. Da za a kwantar da shi, ni ya ba mabuɗi. Ya ce abinci ɗan kaɗan ya ishe su, ruwa kuma kada in canja duka. In ɗebe kaɗan in ƙara wanda ya kwana a bokiti, don na famfo yana da magani.

Ni kuwa duk layinmu an san ni da tsabta, har tsintsiya nake wankewa. Da na ga gansakuka a jikin gilashin sai zuciyata ta ƙi. Na dirje shi da omo, na cika shi da ruwan famfo, ya fito fes. Kafin yamma duk sun juya ciki sama.

Kunya ta hana ni gaya wa kowa. Na tafi shagon masu sayar da kifin ado, na zaɓo masu kama da su.

Da aka kawo Baba gida ya ce a jawo gadonsa kusa da akwatin. Ya ɗaga hannu da kyar, ya dangwala yatsa a gilashin. 'Yarsa tana ba ni labarin yadda suke rugowa wurin yatsansa, su kuwa suka watse, suka ɓuya bayan duwatsu.

Ya daɗe yana kallonsu. Na rasa inda zan sa fuskata.

"Baba, ni ce na..."

"Sannu da ɗawainiya, 'yata," in ji shi. "Waɗannan ma za su saba. Ki dai yi haƙuri da su."

'Yarsa ta ɗauka ruɗewar ciwo ce. Ni kuwa na ji shi sarai, kuma da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Bai kai ƙarshen makon ba. Da za ta kwashe kayansa, 'yar ta roƙe ni in riƙe akwatin, tunda a hannuna suka yi kyau haka. Na karɓa.

Yana kan teburin ɗakina yanzu. In rana ta shigo ta taga, shatin yatsansa yakan fito a jikin gilashin. In na zo gogewa sai in kewaye wurin da tsumma.