Irin da Ke Kashe Alkamar Maƙwabci

Shekara tara na yi a cibiyar binciken hatsi ina fama da alkama, ba manomin da ya taɓa leƙowa ya ce sannu. Aikina shi ne in ɗauko juriyar cutar tsatsa daga wata ciyawar daji in dasa a alkama. Ciyawar tana da wata ƙwayar gado da muke kira mai son kai: duk ƙwayar haihuwar da ba ta ɗauke da ita, sai ta kakkarya mata zaren gado. Da wannan karyar muke amfani, mu tsinci guntun da muke so, sannan mu fitar da mai son kan daga irin gaba ɗaya.

Haka na yi wa wani ɗan jaridar rediyo bayani, har sau biyu, yana gyaɗa kai. Da yamma na ji shi da kunnena: cibiya ta ƙirƙiro alkama mai son kai, wadda ke kashe duk alkamar da ba irinta ba.

Washegari maigadi ya tare ni a ƙofa yana share gumi. "Dakta, tun da gari ya waye suke nan." Layi ya miƙe har bayan rumfar ajiye babura, kowa da buhunsa a naɗe a hammata.

Na wuce ofishin Darakta na ce a kira gidan rediyon su gyara. Ya ɗaga labule ya kalli layin, ya sake kallo. "Gyara me? Tun da na zo nan ban taɓa ganin mutum ya bi layi don bincike ba. Ki raba irin. Ba mai jure tsatsa ba ne?"

"Shi ne, ranka ya daɗe, amma ba shi suka zo nema ba."

"To wa ya aike ki ki tambaye su?"

Duk da haka na tsaya a bakin sito, duk wanda na auna wa sai na gaya masa irin nan ba ya kashe komai. Wasu suka juya da buhunsu. Yawanci kuwa sai su ƙifta min ido. Wani dattijo ya rage murya ya ce, "Mun gane, Dakta. Ai dole ki faɗi haka."

Wajen ƙarfe goma sha biyu sai ga Kawu, yayan mahaifiyata. Shekara ashirin ke nan ba ya ga maciji da ƙanensa, Ƙaramin Kawu, a kan wata kunya guda da ta raba gonakinsu. Ya ja ni bayan gidan gilashin da muke rainon tsiro.

"'Yar nan, taku nawa yake kaiwa?"

"Me fa, Kawu?"

"Kisan. In na shuka a bakin iyaka, zai ci kunya nawa a tasa?"

Na zaunar da shi a benci, na zana masa zangarniya a bayan ambulan, na nuna masa alkama kanta take yi wa barbara, ba ruwanta da ta maƙwabci. Ya saurara har ƙarshe, ya ninke ambulan ɗin ya sa a aljihu, ya ce in ƙara masa mudu biyu. Ban gaya masa Ƙaramin Kawu ya riga shi zuwa ta ƙofar baya ba, da tambaya iri ɗaya.

A wannan shekarar tsatsa ta sauka sosai. Gonakin da aka shuka tsohon iri a cikinsu suka yi ja kamar tsohon kwano. Gonakin kawunnaina biyu kuwa kore shar, suna kaɗawa kafaɗa da kafaɗa. Kullum da safe kowannensu zai je bakin iyaka, ya goya hannu a baya, yana duba ta ɗan'uwansa ko ta fara bushewa.

Bayan girbi Kawu ya zo gidanmu, ya ƙi zama, ya ƙi shan ruwa. Ya dubi mahaifiyata.

"'Yarki ta cuce ni. Jabu ta ba ni."

"Yaya, ba an ce rumbunka ya cika har ka ari na wani ba?"

"Nasa fa? Kin je kin ga nasa?" Ya juyo gare ni. "Baɗi ki ajiye min na ainihin. Wanda kuke ba manya."